Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi na Ghana da hukumar CTVET mai kula da ilimin fasaha da koyon sana'a, kan yaran da ke koyon sana'a a hannunmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. Mai girma shugaban hukumar CTVET da ma'aikatansa, muna gaishe ku da aiki, Allah Ya taya ku riƙo.

Masu wannan takarda iyayen gida ne na sana'ar hannu daga Zangon Kumasi: makanikai da masu walda da masu fentin mota na Suame Magazin, kafintocin Sokoban, masu haɗa wayar wuta, masu gyaran firji, da teloli maza da mata na Aboabo, Asawase, Sawaba, Akwatia Line da Tafo. Kowannenmu yana da yara a hannunsa, wani uku, wani goma sha biyar. Iyayensu sun damƙa mana su amana, don haka da bakinsu muke magana tare da namu.

Tun da aka ƙaddamar da shirin koyon sana'a na ƙasa a Tamale a watan Afrilun 2025, maganar tsara koyon sana'a ta dawo bakin kowa, kuma mun yi murna da haka. Sai dai wannan ba shi ne karo na farko ba. An kafa NVTI, cibiyar koyar da sana'a ta ƙasa, tun 1970. An kafa COTVET, majalisar ilimin fasaha da koyon sana'a, a 2006. A 2020 doka mai lamba 1023 ta haɗe COTVET da hukumar jarrabawar fasaha ta NABPTEX ta haifi CTVET, doka mai lamba 1049 kuma ta kawo hukumar da ke kula da makarantun koyon sana'a na gwamnati. Sunaye sun canza, ofisoshi sun canza, amma yaron da ubansa ya riƙo wa hannu ya kawo shago a bana, yadda aka kawo maigidansa shekara talatin baya haka aka kawo shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ba mu dama mu nuna muku wuraren.

Yoyo na farko tun ranar shiga yake farawa. Uba ko kawu ya zo da yaro, ya kawo goro da kiret na lemo da kuɗin shiga, a yi addu'a a shafa, shi ke nan an gama. Ba a faɗi shekara nawa zai yi ba sai dai a ce "uku" da baki, ba a faɗi me zai koya a kowace shekara ba, ba a faɗi nawa ne kuɗin yaye ba. Ranar da uku ta cika sai a tarar kuɗin yaye ya ninka abin da uban ya zata, ko maigida ya ce hannun yaro bai nuna ba. Yaro ya ƙara shekara biyu yana yin aikin cikakken ma'aikaci a kan kuɗin abincin rana. Wani ya haƙura, wani ya gudu ba takarda ba sallama, ya koma tuƙin Pragya, keke mai ƙafa uku na haya, ko ya nufi ramin galamse, haƙar zinariya ba izini, da rabin sana'a a hannu. Haka kuma maigida na kirki yana cutuwa: ya kashe shekara biyu yana gyara ɓarnar yaro, ranar da yaron ya fara amfanuwa sai wani shago ya janye shi da ƴan kuɗi kaɗan, kuma babu inda maigidan zai kai kuka.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne doka ta riga ta yi magana. Dokar yara ta 1998, mai lamba 560, ta ce ba a ɗaukar yaro koyon sana'a sai ya kai shekara 15 ko ya gama makarantar tushe. Ta ɗora wa maigida koyar da shi, da ciyar da shi in ba wata yarjejeniya aka yi ba, da ɗaukar alhakin raunin da ya same shi a wurin koyo. Ta ce in ya gama a ba shi takardar sallama, in rikici ya tashi a kai wa jami'in ƙwadago na gunduma. Ku zagaya layukan Magazin ku tambayi iyayen gida ko sun taɓa jin wannan, za ku sha mamaki. Sannan dokar tana da giɓi biyu. Ta haramta wa wanda bai kai 18 ba aiki mai haɗari, ta kuma lissafa aiki a wurin da ake amfani da injuna cikin masu haɗari. To ɗan shekara 16 da doka ta yarda ya koyi kafinta, zai taɓa injin zarto ko ba zai taɓa ba? Kuma da yawa daga cikin yaranmu sun wuce 18 kafin su zo. Dokar yara ba ta rufe su ba, a aikace kuma ba a lissafa su ma'aikata. Suna tsaye a tsakiya, ba ɗalibai ba, ba ma'aikata ba.

Yoyo na biyu ya fi girma, kuma a nan laifin har da mu. Babu wani ma'auni na abin da yaro zai iya kafin a yaye shi. Abin da ya shigo shago shi yake koya. In maigida ya shekara uku ba a kawo masa giya mai canza kanta ba, yaronsa zai fita bai taɓa buɗe ta ba. Shekarar farko kan tafi a shara, ɗebo ruwa, sayo wake da shinkafa, da miƙo sifana. Mun yarda da tarbiyya, ita ce ginshiƙin sana'a, amma wata goma sha biyu na aike ba tarbiyya ba ne, asara ce.

Abin da ya fi muni, kuskure ma gado ake yinsa. Ku ɗauki maganar tamostat. Mota ta yi zafi, sai a cire tamostat a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye da batir. Alhali aikinsa shi ne ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 82 zuwa 90, sannan ya buɗe. In an cire shi inji yana daɗewa a sanyaye, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta riƙa ƙara mai. Man ya wanke baƙin mai daga jikin silinda, zobban fistin su cinye, mai mota ya koma sayen mai fiye da da, bayan wani lokaci ya dawo da hayaƙi. Ainihin ciwon kuwa yana nan ba a taɓa shi ba: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya mutu. Haka ɗaure kan inji. Ana farawa ne daga kusoshin tsakiya a fita waje, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awo, zuwa ƙarfin da kamfani ya rubuta. Yaron da ya koya da bututu a saƙale a bakin sifana zai lanƙwasa kan injin alminiyom, gasket ya ƙone cikin wata ɗaya, kuma ba zai taɓa gane cewa hannunsa ne ya jawo ba.

Motocin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema yanzu kuma sun bar kafireto a baya. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 suna da ramin da ake soka na'urar bincike ta karanta ciwon mota. Shagon da ba shi da ita canki-canka yake yi da kuɗin mutane: a canza fulogi, a canza famfon mai, ashe ƙaramin sansa ne na cikin salansa. Motoci masu haɗa fetur da batir ma sun fara yawa. Wayar nan mai launin ruwan lemo da ke cikinsu tana iya ɗaukar wuta sama da bolt 200. Kafin a taɓa ta sai an kashe mota, an zare filogin tsaro na batir, an jira kamar minti goma, an auna da mita, kuma da safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000. Maigidan da bai koyi wannan ba, me zai koya wa yaronsa? Ba girman kai ke hana mu ba. Babu inda dattijo mai shago zai je da yamma ya koya a harshen da yake ji, ba tare da ya rufe shagonsa wata guda ba.

A wayar wuta ɓarnar ba a aljihu take tsayawa ba. Waya mai kaurin sikwaya milimita 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, murhun lantarki yana son 6. Bireka kuma don kare waya aka yi shi. In aka ja 1.5 zuwa soket don rage kuɗi, aka ɗora mata bireka mai amfiya 32, wayar za ta yi zafi ta narke a cikin silin bireka bai motsa ba. Gidan haya na Zango mai ɗaki goma sha biyu, da yara a kwance, ba ya jure irin wannan kuskure. Ga sandar ƙasa, mai kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, da ake bugawa guntuwa a busasshen wuri, ga na'urar da ke yanke wuta in ta ji yoyon miliamfiya 30, wadda ita ce ke tsakanin mutum da mutuwa a banɗaki, yara da yawa an yaye su ba su san sunanta ba. Hukumar makamashi tana da jarrabawarta ta ba masu haɗa waya lasisi ƙarƙashin dokar haɗa waya ta 2011, kuma mun ga amfaninta. Amma babu igiyar da ta haɗa shekara ukun da yaro ya yi a shago da waccan jarrabawar. Kamar daga sama yake faɗo mata.

Yoyo na uku jini ne da ido da huhu. Ku tsaya a bakin rumfar walda da hantsi. Maigida yana riƙe da garkuwar fuska guda ɗaya da shagon ya mallaka. Yaro yana tsugune yana riƙe masa ƙarfe, ya kau da kai, ya rufe ido da tafin hannu, ko ya sa baƙin tabarau na kasuwa. Hasken ba ya nuna kansa nan take. Sai cikin dare, bayan awa shida zuwa goma sha biyu, ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na kwarara, ana ɗiga masa madara. Gilashin da ya dace da walda ta sanda a ƙarfin da muke aiki da shi lamba 10 ne ko 11, kuma kuɗinsa bai kai na kiret ɗin lemon ranar shiga ba. Masu walda da kabayid suna aiki da tulun da aka haɗa a gida, babu abin da ke tare wuta in ta koma baya cikin tiyo. Tankin mai da aka ce "babu komai a ciki" shi ne mafi haɗari, domin tururin da ya rage shi ke fashewa. Sai an wanke shi, an cika shi da ruwa har kusa da wurin da za a liƙe. Mai fenti yana fesa fentin nan mai haɗi biyu da hankici ɗaure a hanci, alhali gubar da ke cikin sinadarin busarwar tana ratsa ƙyalle, ta bar mutum da asma ta dindindin. Mai gyaran firji da bai san gas ɗin R600a yana kama wuta ba zai kai masa harshen wuta kamar yadda ya saba yi da R134a. Makanike ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai da guntun bulo.

In abin ya faru, karo-karo ake yi a masallaci. Doka ta ce maigida ne da alhaki, amma maigidan da ke neman na cefane ba shi da kuɗin aikin ido ko na haɗa yatsu. Yaron ya koma gida da nakasa, uban ya ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Na huɗu, takarda. Tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa yana da hawa takwas, kuma hawa biyu na farko an yi su ne don mai aikin hannu. Wannan abin yabo ne, haka ma ƙofar da aka buɗe ta tantance wanda ya riga ya iya ba tare da ya koma aji ba. Amma labarin bai iso ba. Sanarwa da Turanci, fom da Turanci a intanet, ga kuɗin rajista da na kayan gwaji da na mota, ga ranakun da ba a shago. Yaranmu da yawa makarantar allo da Islamiyya suka yi, wasu sun tsaya a ƙaramar sakandare (JHS). Wanda zai iya yi maka bayani dalla-dalla da Hausa ko Twi ko Dagbani kan abin da ya sa walda ta yi ramuka, cewa sandar ta sha danshi ko an ja wuta da nisa, shi ne zai tsaya kamar kurma in aka tambaye shi da Turanci. Daga hawa na biyu zuwa na uku kuma tsani ya karye, domin nan karatu da rubutu suke shigowa, kuma babu ajin dare da zai ɗora shi. Sakamakon a fili yake: in aikin kwangila ya zo, ko kamfanin haƙar ma'adinai yana ɗaukar masu walda, mai takarda ke karɓa, mai hannu ya yi aikin a ƙarƙashinsa a kan rabin kuɗi. Takardar da ƙungiyoyinmu ke bayarwa ranar yaye tana da daraja a unguwa, amma ba ta tsallake ƙofar kamfani.

Ƴan mata suna da nasu kukan. A wasu wurare yarinya ta zo koyon ɗinki ta ƙare a raino da wanke-wanken gidan uwar ɗakinta. Ta shekara biyu tana ɗinka maɓalli da kalmasa, ba a ba ta almakashi ta yanka ba, don kada ta ɓata atamfar mutane. Alhali yanka shi ne sana'ar, kuma a kan takardar siminti ake fara koyonsa. In aure ko ciki ya zo a tsakiya, abin da ta yi ya tafi a banza, domin babu rubutun da wani shago zai duba ya ɗora mata daga inda ta tsaya.

Muna kuma jin tsoron irin gyaran da zai zo. In rajistar iyayen gida ta zama sai mai takardar makaranta, mai ginin bulo, mai iya cika fom, to waɗanda suka fi kowa iyawa za su faɗo waje, ƴan kwangila masu kanti a takarda su kwashe yara da kuɗin shirin. Da tsohuwar zuma ake magani. Ku auna maigida da aikin hannunsa da yaran da ya yaye.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A fitar da yarjejeniya ta shafi ɗaya, kyauta, da Hausa da Twi da Turanci, ta Hausar a rubuta ta da boko da ajami. Ta ƙunshi ranar shiga, tsawon koyo, kuɗin shiga da na yaye tun daga farko, awannin aiki, wanda ke ciyarwa, da abin da zai faru in ɗaya ya karya. Kofi uku: na uba, na maigida, na ƙungiyar sana'a. Rikici ya fara zuwa gaban ƙungiya da sarkin Zango ko limamin unguwa, in ya gagara ya wuce wurin jami'in ƙwadago. A gyara doka ta rufe wanda ya haura 18, a kuma fayyace injunan da ɗan 15 zuwa 17 zai taɓa, da sharaɗin maigida na tsaye a kansa.

A ba kowane yaro ɗan littafin aiki na aljihu, mai hotuna, wanda iyayen gida na sana'ar suka zauna da ku suka tsara. Kowane aiki da layinsa: ya gani, ya yi da taimako, ya yi shi kaɗai, maigida ya sa hannu ko ya dangwala. Duk wata shida mai tantancewa ya zo shago ya zaɓi aiki biyu daga littafin ya ce a yi a gabansa. Aikin da shagon ba ya samu, a tura yaro maƙwabta na sati biyu. Littafin ya bi shi duk inda ya koma, kuma ya zama tikitinsa na shiga jarrabawar hawa na farko da ta hukumar makamashi.

A kawo gwajin nan Suame da Sokoban da Asawase, aƙalla sau biyu a shekara, da masu tambaya da ke jin Hausa da Twi. Kuɗinsa a bayyana shi a rediyo, sakamako kuma ya fito cikin wata uku. A buɗe ajin dare na karatu da lissafin sana'a a makarantun da ke kulle bayan la'asar, don mai hawa na biyu ya iya taka na uku.

A fara da iyayen gida kafin yara. Cibiyar fasaha ta Kumasi da jami'ar fasaha ta Kumasi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) duk suna cikin garin nan, kuma KNUST ta daɗe da sanin hanyar Magazin. Kwas na yamma, awa biyu, sau biyu a mako, ya isa a koya wa maigida na'urar bincike da tsaron mota mai batir. Kayan da suka fi ƙarfin shago ɗaya, a ajiye su a hannun ƙungiya ana haya da awa.

Kada a yi wa shago rajista sai an ga garkuwar fuska ta kowane mai walda da mai riƙe masa, madogaran ƙarfe na ɗaga mota, tukunyar kashe gobara, da abin rufe hanci mai tacewa ga masu fenti. Amma a ba da wa'adin wata shida da rangwamen kuɗin kayan kafin a fara hukunci. Kowane yaro mai rajista a yi masa katin inshorar lafiya ta ƙasa (NHIS), a kuma kafa inshorar rauni ta rukuni da maigida da gwamnati za su haɗa, asusun raya Zango da aka kafa a 2017 ya sa hannu a nasa ɓangaren.

Ƙofa kuma ta zama ɗaya. Shirin na ƙasa yana wata ma'aikata, tantancewa tana hannunku, lasisin waya yana wata hukuma, rikici yana ofishin ƙwadago. Ku daidaita tsakaninku, ku ba mu tebur guda a kowace gunduma inda uba ko maigida zai je sau ɗaya ya gama. Sunayen shagunan da aka ba yara da kayan aiki a liƙa su a bainar jama'a, kayan kuma su iso a watan farko na koyo, ba bayan yaye ba.

Kafin ku sa hannu a kan kowace sabuwar ƙa'ida, muna gayyatarku Suame a ranar aiki, Talata ko Laraba da hantsi, lokacin da kowace rumfa ke ci. Ku zo da daftarin, ku zo da mai fassara. Za mu tara iyayen gida da uwayen ɗaki da yaran da ke shekarar farko da ta ƙarshe, a karanta shi layi-layi a gabansu.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Iyayen gidan sana'ar hannu na Zangon Kumasi